Ƙuri'ar Dalma a Rumfar Dauda

Shafi na 23

Masu ƙorafin cewa shafin jiya duk surutun tsofaffi ne, ku yi haƙuri. Na yau ma su ɗin ne.

*

Tun da aka sallame sallar la'asar Malam Bilyaminu ke neman Yohanna. Can ya hango shi a bakin ruwa, tsugune gaban wani injin jirgi da ya kwance, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

Sama kaɗan, a rumfar Dauda mai gyaran taru, an riga an jera benci. Yau Asabar, ranar zaman majalisarsu ta masu son tsofaffin finafinai, kuma yau za a zaɓi fim ɗin da za a kalla a tattauna mako mai zuwa. Guda biyu ne a gaba, duka na Indiya, duka da sunan da mutanen Yelwa suka raɗa musu. Akwai Mai Gashin Baki, labarin wani ɗan sanda da ke dukan mutum goma hularsa ba ta karkace ba, wanda suka kalla har sau huɗu. Sai kuma Mai Fito.

Mai Fito shi ne ya hana Malam Bilyaminu jin daɗin tuwo tun Asabar da ta wuce.

Shekara talatin da biyar ke nan da aka haska shi a tsohuwar silimar garin, kwana shida a jere, babu faifan ƙarshe. An ce a lalace faifan ya iso. Daidai inda guguwa ta kifar da jirgin mai fito, nan fim ke tsayawa, a kunna fitila, jama'a su yi ta jifan farin bango da ɓawon rake. Duk Yelwa mutum ɗaya ne, Malam Bilyaminu, ya ce ya ga ƙarshen, a Sakkwato, lokacin da ya je karatun malanta. Da wannan ƙarshen ya yi suna. Ya ba da shi a gidan biki, ya ba da shi a jirgin ruwa mai zuwa Wara, ya ba da shi a ofishin malamai har hedimasta ya manta da buga ƙararrawa. Da shi aka naɗa shi shugaban majalisa ba hamayya.

Matsalar guda ɗaya ce, 'yar ƙarama. Malam Bilyaminu bai taɓa ganin Mai Fito ba. Ba ƙarshen ba, ba farkon ba, ko hoton da ake mannawa a ƙofar silima bai gani ba. A bakin Yohanna ya ji shi, wanda babansa ke haska fim a wancan lokacin. Su biyu, uba da ɗa, sun kalli fayafayan duka ranar gwaji, kafin na ƙarshen ya kama da wuta a cikin na'ura.

Yanzu ga Lukman, mai shagon tura finafinai a waya, ya je ya tono shi a intanet. Cikakke.

"Sannu da aiki, injiniya."

Yohanna bai ɗago ba. "Sannu, shugaba. Na ji kana yawon kamfe."

"Wane irin kamfe? Zumunci ne."

"Zumunci. Enoch tela ya ce shekara uku ba ka taka shagonshi ba, jiya ka zauna tun hantsi har azahar kana yabon Mai Gashin Baki. Kai da ka ce akuyar Hajiya Bara'atu mai bandar kifi ta fi wanga ɗan sanda iya wasa."

"Mutum na canza ra'ayi."

"A mako guda?"

"Ilimi ƙaruwa shike."

Bilyaminu ya tattara riga ya tsuguna kusa da shi. Gwiwarsa ta yi ƙara, duka biyun, ɗaya bayan ɗaya. Ya waiwaya wajen rumfa, ya rage murya.

"Mutum biyar na samu cikin takwas. Har da kai. Ina fata har da kai?"

"Har da ni."

"Alhamdu lillahi. Ka gane, ba wai tsoro nike ji ba. Ƙananan abubuwa ne. Kar a kunna a ga zanen yarinyar ja ne, ni kuwa na daɗe ina cewa shuɗi. Shekara talatin da biyar, mutum na iya cewa ya mance launin zane. To amma ka san Hajiya Bara'atu. Ko ƙaya ba ta bari a labari."

Yohanna ya ajiye sifana. Ya ɗauki tsumma yana goge hannu. Ya daɗe yana gogewa, har yatsun da babu mai a jikinsu.

"Bilya, ba zanen yarinya ne damuwarka ba."

"To mi?"

"Ƙarshen da na ba ka. Faɗa min shi."

"Haba, Yohanna. Yau kuma jarrabawa za ka yi min?"

"Faɗa dai."

"Ruwa ya tafi da shi, ya jefa shi wani tsibiri. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta tsince shi, ta yi jinyarshi har ya warke. Ya dawo gida ranar sadakar arba'in ɗinshi, ana tsakar rabon waina, uwa tashi ta gan shi ta faɗi sumammiya. Ko daga barci ka tashe ni sai in kawo maka shi, har da waƙar."

"Ba tsibiri."

"Na'am?"

"Ba tsibiri. Ba tsohuwa. Ba awaki. Ni na sa su."

Wani jirgi mai inji ya wuce can nesa, ɗauke da buhunan albasa da mata biyu ƙarƙashin lema. Igiyar ruwan da ya taso ta zo ta lashi gaɓa ta koma. Bilyaminu ya bi jirgin da ido kamar akwai wanda ya sani a ciki.

Abin da ya fara zuwa masa, abin kunya, shi ne wainar. Indiyawa na sadakar arba'in? Har da waina? Shekara talatin yana koyar da yara su riƙa tambaya in ba su gane ba, shi bai taɓa yi wa kansa wannan tambayar ba.

"To ƙaƙa ya ƙare?"

"Ya nutse."

"Sai mi?"

"Sai anka nuna ruwa ya kwanta. Anka nuna filafilinshi na tuƙi shina yawo bisa ruwa, uwar tana tsaye bakin gaɓa. Sai rubutu ya hau."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kai Yohanna, ka ji tsoron Allah. Mi na yi maka?"

Yohanna ya ɗago, karo na farko. "Ka tuna ina muke zaune sa'ad da na ba ka labarin?"

Ya tuna. Ba ya son tunawa ne kawai.

A nan ne, wannan gaɓar, wajen inda ake ɗaure jirage yanzu. Makon da aka haska Mai Fito shi ne makon da jirgin da yayansa Usman ke tuƙawa ya daki kututture a tsakiyar tafki, irin itatuwan nan da ruwa ya haɗiye tun zamanin da aka yi madatsa. Kwana uku masu nutso na fita da safe suna dawowa hannu wofi. Shi ya sa bai je silima ba. Yana zaune a gaɓa tun hantsi har magariba, ba ya magana da kowa. Yohanna ya zo ya zauna kusa da shi, ya rasa abin faɗi, sai ya kama ba shi labarin fim. Kullum kaɗan.

"Rana ta uku na kawo wurin guguwa," in ji Yohanna. "Wauta ta yaro. Na mance inda labarin ya nufa, sai da na kai bakin wurin na farga. Na yi shiru. Ka juyo ka dube ni, ka ce, ya fito?"

Bilyaminu ya kawar da kai. Yohanna ya ci gaba.

"Innarku na zaune can ƙarƙashin giginya, kwana uku ko ruwa sai an matsa mata. Kai kuma ka kafe ni da ido. Mi zan ce maka, Bilya? Na ce ya fito. Ka ce a ina. Na ɗaga kai na hango tsibirin can, na ce a tsibiri. Ka ce wa ya tsince shi. Awakin tsohuwa Delu na cin ciyawa bayanmu."

"Delu."

"Delu. Allah shi jiƙanta, ba ta san ta shiga fim ɗin Indiya ba."

Dariya ta so ta kuɓuce wa Bilyaminu, ya danne ta. Washegarin ranar labarin tsibirin aka ga gawar Usman, can ƙasa, ta maƙale a tarun wasu masunta.

"Mi ya hana ka gaya min daga baya?"

"Yaushe? Ka tafi Sakkwato, ka dawo da ƙarshe a bakinka, ka ce da idonka ka gani. Har ka ƙara wa tsohuwar kare, ni ban ba ta kare ba. Ni kuma ba ni da bakin magana, Baba ya rantsar da ni kar kowa ya ji a hannunmu faifan ya ƙone, a bakin aikinshi. In na ce ƙaryarka ce, sai a ce ƙaƙa na sani." Ya sake ɗaukar tsumman. "Kuma gaskiya naka ya fi na Indiyawan daɗi. Na sha zama ina saurarenka, in ji ni kaina ina jiran tsohuwar ta iso."

Daga rumfa muryar Dauda ta taso. "Shugaba! Injiniya! Ku taso mana, rana na tafiya!"

Yohanna ya miƙe, ya miƙo masa hannu, ya tuna da man, ya janye.

"Kwantar da hankalinka. Mu biyar ne. Za mu sake kallon ɗan sandanka ya daki mutum goma, Lukman ya gaji ya mance. Ba abin da za ya faru."

*

A da, hannu ake ɗagawa a majalisa. Malam Bilyaminu da kansa ne, Asabar da ta wuce, ya kawo shawarar ƙuri'ar sirri, wai don kowa ya saki jiki ya zaɓi abin da ransa ke so. Gaskiyar magana, don waɗanda zai bi gida-gida ne, su samu inda za su ɓuya daga idon Hajiya Bara'atu.

Dauda ya ɗauki aikin da muhimmanci. Ya rataye tabarma a kusurwar rumfa. Ya kwance dalma daga wani tsohon taru, irin 'yan curin nan da ake ɗaurawa a gindi don taru ya nutse, ya ba kowa ɗaya, ban da shugaba.

"To jama'a, ku saurara. Bayan tabarma akwai mazubi biyu. Ƙwarya ta Mai Gashin Baki ce. Kwano na Mai Fito. Kowa ya shiga shi kaɗai, ya jefa tashi, ya fito. Daga shi sai Allah."

"Kwanona ne, a bi shi a hankali," in ji Hajiya Bara'atu daga wajen gangar da take bandar kifi, tana juya tarwaɗa a kan ragar waya. Ita ce mace ɗaya tilo a majalisa. Ba gayyatarta aka yi ba. Shekara biyu ta yi tana jiyo su suna ɓata labarin finafinan da ta haddace, ranar nan ta jawo kujerarta ta zauna, ba a samu mai ƙarfin halin cewa ta tashi ba.

"Dauda ka fara, kai ne mai gida," in ji Bilyaminu. Ya zauna a kujerarsa ta roba, wadda ita kaɗai ke da hannu, ya harɗe ƙafa irin na wanda ya san sakamako.

Dauda ya shiga bayan tabarma. Dauda da ya ci goronsa ranar Laraba, ya dafa ƙirji ya ce, shugaba, ni naka ne.

Taran!

Kowa ya juya wajen tabarma.

Kwanon silba ne. Dalma ce. Duk wanda ke da kunne daga nan har tashar jirage ya ji inda ƙuri'ar Dauda ta faɗa.

Dauda ya fito yana kakkaɓe hannu, fuskarsa fes kamar ta jariri. "Kai, wanga tsari na sirri ya yi, shugaba. Allah shi ƙara basira."

"Amin," in ji Bilyaminu.

Ba wanda ya ce ya ji komai. Ai sirri ne. Manyan mutane tara suka juya suna kallon tafki, kowa ya ga wani abin sha'awa a ruwa.

Enoch tela ya shiga. Ƙwas, in ji ƙwarya. Ya fito ya tsaya gaban Bilyaminu yana gyara wuyan riga, yana jiran a gan shi.

Lukman ya shiga. Taran. Wannan dama an sani.

Sai direban jirgin Wara, mutum mai dabara, wanda bai yi wa kowa alkawari ba kuma ba ya son ɓata da kowa. Ya shiga, ya ɗan jima, sai aka ji ya saki tari mai ƙarfi don ya rufe ƙarar. Tarin ya riga dalmar. Ya gama tarinsa tsaf, aka yi shiru, sannan taran.

"Allah shi sawwaƙe, direba," in ji Hajiya Bara'atu. "Tarin nan naka har da ƙararrawa."

Tsofaffi biyu 'yan fansho, waɗanda kullum tare suke zuwa tare suke gyangyaɗi, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ƙwas. Ƙwas. Allah ya yi musu albarka, in ji Bilyaminu a ransa, ya yafe musu duk barcin da suka yi a majalisa.

Hajiya ta goge hannu a zani ta miƙe. "Ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ina budurwa anka kunna min fitila a tsakar fim, na jefi bangon nan da takalmina ƙafa guda, har yau ban gan shi ba. Malam Bilya ya ba mu labari, mun gode, amma kafin in mutu sai na ga tsohuwar nan mai awaki da idona."

Ko shiga ba ta yi sosai ba, daga bakin tabarma ta wurga. Taran! Har dalmar ta yi tsalle ta sake faɗawa.

Huɗu da uku. Saura Yohanna.

Ya tashi a hankali, bai kalli kowa ba. Ƙwas.

Dauda ya fito da mazuban biyu, ya juye su a kan benci, ya ƙirga da yatsa yana ɗaga gira, kamar bai san abin da zai tarar ba.

"Ikon Allah. Huɗu da huɗu. To doka ta ce in anka yi kunnen doki, shugaba shi ka raba gardama." Ya mayar da ƙwarya da kwano bayan tabarma, ya miƙo dalma ta tara. "Bismilla, shugaba. Daga kai sai Allah."

Wani ya yi ƙaramar dariya ya mayar da ita atishawa.

Bilyaminu ya shiga.

Wurin ƙarami ne, yana warin kifi da igiyar taru. Ga ƙwarya a dama, ga kwano a hagu. Aikin mai sauƙi ne. Ya saki dalma a dama, a ji ƙwas, a yi masa 'yar tsiya ta kwana biyu cewa shugaba na son ɗan sanda, magana ta mutu. Ya ci gaba da zama a kujera mai hannu har Allah ya ɗauki ransa.

Ya miƙa hannu saitin ƙwarya.

Ta wani yagewa a jikin tabarmar yana hango tafki. Rana ta yi sanyi, ruwan ya kwanta luf. Can ga tsibirin, da 'yan bishiyoyinsa.

Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Duk sa'ad da ya zo wurin da mai fito ke buɗe ido a gaban tsohuwa, ba fuskar Ba'indiye yake gani ba. Ai bai san fuskar Ba'indiyen ba. Usman yake gani, da wushiryarsa, da tabon ƙugiya a haɓa. Sau nawa ya ba da labarin nan? Ɗari uku? Ɗari biyar? Sau ɗari biyar ya fito da Usman daga ruwa, ya dawo da shi gida ana rabon waina, jama'a suna tafa masa suna cewa Malam ka iya labari.

Mutum mai shekara hamsin da biyu, mai furfura har a gira, ya tsaya bayan tabarma yana jin tsoron kwanon auna kifi.

"Shugaba, lafiya?" in ji Dauda daga waje. "Ko mu aiko da ruwa?"

Ya mayar da hannun hagu. Bai sunkuya ba. Daga tsaye ya sake ta.

Taran!

Rumfa ta kaure. Lukman ya daka tsalle, Hajiya ta rangaɗa guɗa har 'yan fansho suka farka. Enoch tela ya dube shi baki buɗe, irin kallon wanda aka sa ya yi ɗinki aka ƙi zuwa karɓa.

"Malam, jiya fa kai ka ce min..."

"Sirri ne, Enoch."

Ya koma kujerarsa. Bai kalli wajen Yohanna ba.  Asabar mai zuwa za a kunna, a ga abin da za a gani. Yana da kwana bakwai ya nemi yadda zai faɗa musu.

Sai Lukman ya ɗaga hannu.

"Shugaba, Baba Dauda, Hajiya, ku gafarce ni. Tunda an riga an zaɓa, akwai abin da ya kamata in faɗa. Na karya doka."

Dokar majalisa ce, wanda ya kawo fim ba ya kallonsa sai tare da kowa.

"Ka kalla?" in ji Dauda.

"Ba duka ba, wallahi. Ƙarshen kawai na leƙa. Tun ina firamare nike jin labarin tsibirin nan a bakin Malam, na kasa haƙuri." Ya sunkuyar da kai. "To akwai matsala. Wanga kwafin da na samo, an yanke shi."

"An yanke?"

"An yanke, Hajiya. Jirgi ya kife, mai fito ya nutse, anka nuna filafili bisa ruwa, sai kawai rubutu ya hau. Ba tsibiri, ba tsohuwa, ba kare. Na nemi wani kwafin, shi ma haka. Na uku ma haka. Duk sun yanke."

"La'ilaha illallahu!" Hajiya ta dafa kai. "Sun sake yi mana!"

"Ɓarayi," in ji direba. "Haka 'yan intanet ɗin nan suke, don fim ya yi sauƙin saukewa sai su datse mai daɗin."

"A'a, Indiyawan ne da kansu," in ji ɗaya daga 'yan fansho, wanda bai yi minti biyu da farkawa ba. "Mai kyau su ajiye wa kansu, su turo mana saura."

"Marasa tsoron Allah."

"Shekara talatin da biyar, kuma a sake kunna mana fitila!"

Dauda ya ɗaga hannu biyu. "Ku tsaya, ku tsaya. Mi ya yi zafi? Mu da Allah ya rufa wa asiri? Ai muna da wanda ya ga cikakken da idonshi. Ranar Asabar mu kalla har inda sunka yanke, a kashe talabijin, shugaba ya ɗora mana daga nan. Ko ba haka ba?"

"Haka ne!"

"Wallahi ma ya fi. Malam ya fi su iya faɗi."

"Lukman, ka ɗauki muryarshi a waya ka haɗa da fim ɗin, ka sa a intanet, duniya ta san sun yi yanke."

Fuskoki bakwai suka juyo gare shi, cike da yarda. Na takwas, Yohanna, yana can ƙarshen benci yana kallon baƙin man da ya rage a farcensa.

Bilyaminu ya dube su. Ga hanya an share masa, an yayyafa ruwa. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce Allah ya kai mu Asabar. Mutanen nan sun gwammace su ƙaryata Indiya gaba ɗayanta da su ƙaryata shi.

Abin da ya kasa ɗauka ke nan.

"Lukman."

"Na'am, Malam."

"Zauna. Ba wanda ya yanke komai."

Lukman ya zauna a hankali.

"Haka fim ɗin shike. Ya nutse, bai dawo ba."

"Kamar ƙaƙa, Malam Bilya?" Hajiya ta saki wayar da take juya kifi da ita. "Ba kai ka gani a Sakkwato ba?"

"Shekara uku na yi a Sakkwato, Hajiya. Daga aji sai ɗaki sai masallaci. Ko hanyar silima ban sani ba." Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ban taɓa ganin wanga fim ba. Ko farkonshi. Kun fi ni saninshi, dukanku."

Ba wanda ya motsa. Kitsen tarwaɗa ya ɗiga a garwashi ya yi cuu, Hajiya ba ta waiwaya ba.

Enoch ya yi 'yar dariya, yana duban mutane ko za a taya shi. Ba a taya shi ba.

Dauda ya dubi Bilyaminu. Sannan ya matso, ya tsaya daf da kujera mai hannu. Wasa ya bar fuskarsa.

"Bilya. Ranar da munka binne ƙanena da ruwa ya ci, kai ka zaunar da 'ya'yanshi a zauren gidanmu ka ba su labarin tsibirin nan, sunka yi barci. Ina tsaye ina jin ka." Muryarsa ta yi ƙasa. "In ba ka gani ba, to wa ya ba ka?"

Bilyaminu ya buɗe baki zai ce shi ya ƙirƙira.

Can ƙarshen rumfa benci ya yi ƙara. Yohanna ya miƙe tsaye.

"Dauda," ya ce, "juyo nan. Ni za ka tambaya."